Fata a Tagar Ɗakin Haya

Shekarar da damina ta ƙi mu a ƙauyenmu na wajen Taura, ni da Baba muka ɗaure littattafanmu a kan jaki muka taho Dutse. Ba a daɗe da zuwan Nasara ba a lokacin, jin labarinsu ma ya fi ganinsu yawa. Makarantar allon da Baba ya riƙe tun kafin a haife ni ta watse, don kowane uba ya zo ya janye ɗansa zuwa inda ake samun abin kai wa baki. Matata ta rasu a wannan bazarar, ba ta bar mini ɗa ba. Mu biyu muka rage a gida mai ɗaki biyar, muna sauraron motsin ƙadangaru. Aka ce mini a unguwar Limawa ta Dutse akwai malamai masu ba da littafi a kwafa musu, ni kuwa ban iya komai a duniya ba sai rubutu. Ko noma na yi sai an bi bayana an gyara.

A lokacin yanar ido ta gama rufe wa Baba gani. Ba ya gane fuska, ba ya ganin baƙi a allo, ko hannunsa ya ɗaga ba zai ce ga yatsunsa ba. Abu ɗaya ya rage masa, yana bambanta haske da duhu. In an buɗe ƙofa yakan juya, in an gitta tsakaninsa da rana yakan tambaya ko wane ne.

Haya sabon abu ne a wajenmu a zamanin nan. Baƙo sauke shi ake yi, a ba shi zaure, ya yi kwana uku, ya yi wata, in zama ya yi nisa a nuna masa fili ya kafa bukka. Amma shekarar ta matse kowa, zaurukan malamai duk sun cika da irinmu. Sai aka kai mu wajen wani mai fataucin ƙiraga da ya taɓa zama a Kano, ya dawo da abu biyu da ya gano a can, ba da ɗaki haya da kuma taga. Ya gina ɗaki a jikin katangar gidansa, ƙofarsa daban, ta lungu ake shiga.

Ɗakunanmu na da ba su san taga ba, sai 'yar ɓula can sama kusa da azara wadda hayaƙi ke bi. Wannan kuwa taga ce ta gaske, kamu biyu a tsaye, ɗaya da rabi a kwance, daidai ƙirjin mutum, an gitta mata sanduna biyu. Ba ta da murfi. Maigidan ya ce kafinta zai zo daga Kano ya yi mata, kafintan da har na bar Dutse ban ga ƙeyarsa ba. An shafe gefunanta da farar ƙasa sumul, masu wucewa na tsayawa su kalla.

"Malam ƙarami," in ji maigidan ran da muka shiga, "ɗaki naka ne muddin kana ciki, amma bangon nan nawa ne. Kada a yaɓa mini laka a taga, kada a kafa mini turke ko ƙusa. Na san halin mutanenmu, sanyi na tasowa sai su kwaɓa ƙasa su toshe ta, su mayar mini da ɗaki rumbu."

Na ce na ji. A raina ma dariya na yi masa, don wane marubuci ne za a ba wannan haske ya toshe? Na shimfiɗa tabarmata a ƙarƙashinta, na jingina gafaka, na shimfiɗa wa Baba buzunsa a tsakar ɗaki.

Ban nuna masa inda take ba, shi ya same ta da kansa. Washegari da hantsi na ga yana juya fuska a hankali har ya tsaya a kanta.

"Ga wani farin abu can mai kusurwa huɗu," ya ce.

"Taga ce, Baba."

"To. Madalla da ita."

Daga ranar nan zamansa ke nan. In mun dawo daga masallaci da asuba sai ya zauna da carbinsa yana jira ta fito masa, in ta fito ya kafa mata ido har rana ta juya. Ba mu da kowa a garin. A masallaci ana amsa mana gaisuwa da mutunci, amma daga nan kowa ya kama hanyar gidansa. Mutumin da a ƙauyenmu ake durƙusa masa tun daga bakin zaure, har azahar ba ya gama karɓar masu gaisuwa, shi ne zai wuni ba wanda ya yi masa sallama sai mai tallar fura. Ni kuma ba mai yawan magana ba ne, in na sunkuya a kan takarda sai in manta da akwai mutum a bayana. Kewar matata na cina, ba kuma abin da ɗa zai faɗa wa uba ba ne. Haka muke wuni, ni da alƙalamina, shi da tagarsa.

Kaka ta wuce lafiya. Wani malami ya ba ni babban littafin fiƙihu in kwafa masa, da shi muke ci. Sai ɗari ya shigo.

Wanda bai yi ɗari a Dutse ba, kada ya ce mini ya san sanyi. Tagar tana kallon gabas ne, ta ɗan karkata arewa, wajen duwatsu. Iskar da ta biyo ta tsakanin duwatsun nan ba ta da inda za ta huta sai ɗakinmu. Abin haushin shi ne ta hanya ɗaya suke zuwa da rana, lokaci ɗaya kuma. Da safe, sa'ad da tagar ke cika da haske, lokacin iskar ke yanka. Kafin ta lafa rana ta hau saman soro, tagar ta koma toka-toka. Tawada ta riƙa yin kauri a kwalba, yatsuna suka tsattsage har ina barin jini a gefen takarda. Ban damu da wannan ba kamar yadda na damu da tarin da Baba ya fara, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, wanda in ya tashi sai ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na samo guntun zana na jingina ta waje, na danne da dutse. Zana ta tare haske tsaf, iska kuwa ta bi ta gefe tana yi mana fito. Na sauya da asabari, na ɗaure shi a sandunan tagar. Wannan ya bar haske ya shigo layi-layi, ya bar iskar ma ta shigo layi-layi. Na cire tsohuwar farar rigata na ɗame ta a jikin sandunan, sai ta riƙa kumbura tana faɗawa, sanyin bai ko gaishe ta ba ya wuce. Ran da tarin ya hana Baba ƙarasa fatiha a salla, raina ya ɓaci, na je gonar wani na roƙi karan dawa. Na yayyanka shi daidai faɗin tagar, na jera dam-dam, na cusa tsumma da auduga a duk wata kafa. Ɗaki ya yi ɗumi kuwa, ya kuma yi duhu kamar cikin tulu. Na koma bakin ƙofa da rubutuna, na ɗan ɗage labule.

Baba ya wuni a buzunsa yana jan carbi. Ni ɗan farinsa ne, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" yake ce mini. Da la'asar sai na ji muryarsa daga cikin duhun.

"Kai, in binne ni za ka yi, ka bari a yi mini salla tukuna."

"Baba, tarin nan fa."

"Na san da shi, a ƙirjina yake. Cire mini karan nan."

Na cire, ina tsaki a ciki-ciki don kada ya ji, ko da yake ba abin da kunnensa ba ya ji. A ranar na gane cewa abu biyu nake riƙe da su, ƙirjinsa da ɗan hasken da ya rage masa, kuma duk wanda na kama sai ɗayan ya suɓuce.

Na je wajen maigidan na roƙe shi ya bar ni in yaɓe rabin tagar kawai, in bazara ta yi in farfasa da hannuna in sake shafa farar ƙasa. Ya saurare ni har na gama, yana murza goro a hannu, ya ce shi ma yana tausayin Malam babba, amma laka in ta kama bango ba ta sakinsa da kyau. Ya ce in ƙara masa bargo. Wallahi da na biye wa zuciyata a ranar, da na faɗa masa abin da zai sa ya watso mana kayanmu lungu. Na haɗiye, na yi masa godiya, na fito. Mai haya ba ya da bakin faɗa, wannan ma a Limawa na koye shi.

Dabarar da ta zo mini ta fito ne daga abin da kowane marubuci ke gudu. Na ci ƙuli-ƙuli ban goge hannu da kyau ba, na taɓa gefen wata farar takarda, maiƙo ya zauna mata. Na ɗaga ta ina zagin kaina, sai na ga inda maiƙon ya taɓa rana na ratsa shi tar. Ina da 'yan fararen takardu nawa na kaina, ba na malamin ba, waɗanda na daɗe ina ɓoyo. Na haɗa huɗu da ƙaron da nake dama tawada da shi, na shafe su da man gyaɗa ciki da waje, na yi musu baki da siraran kara, na ɗaura a sandunan.

Baba ya ji ƙamshin man ya tambaya. Da na gaya masa sai ya ɓata rai.

"Takarda kake shafa wa mai? Abin da ake rubuta sunan Allah a kai?"

"Ba a rubuta komai a kanta ba, Baba."

"Ai da za a rubuta."

Bai ƙara ba, don ya ga farin abinsa ya dawo, bai ko ragu sosai ba. Kwana biyu muka yi muna shan daɗi. Iska na kaɗa takardar tana ƙara, amma ba ta shiga sai kaɗan. A rana ta uku muka dawo daga sallar azahar, na hango akuyar maigidan ta ɗora ƙafafun gaba a bango, kanta a cikin taga, tana tauna a natse kamar an gayyace ta walima. Ni da na tashi a ƙauye, na san akuya da takarda, na san akuya da man gyaɗa, amma na haɗa mata su wuri ɗaya na rataya daidai bakinta. Na bi ta da takalmi har ƙarshen lungu, mata na leƙowa ta kan katanga suna dariya. Ranar ce kaɗai na ji Baba ya yi dariya a Dutse, ya yi har tari ya ƙwace ta.

Ba ni da wata takardar. Na kwana biyu ina tunanin abin da zai bar haske ya wuce ya hana iska, wanda kuma ba ya yagewa da wuri. Sai na tuna da tandu, ɗan abin zuba mai da ake yi da fata, yadda in ka ɗaga shi a rana kana ganin inda man ya tsaya. Aka ce mini akwai wani tsohon majemi a wajen Takur, mai kankare fata ga makaɗa. Na bar wa Baba fura da ruwa kusa da hannunsa na tafi.

Tun daga nesa warin majema ya tare ni. Tsohon na zaune da fata a kan gungume yana kankara. Na gaishe shi, na ce ina son fatar ɗan akuya da aka kankare ta yi siriri iyakar siriri.

Ya dubi rawanina, ya dubi tawadar da ke yatsuna. "Malam, karatun ne ya ƙi ci za a koma kalangu?"

Na ce ba kiɗa zan yi ba, taga zan rufe. Sai da na yi masa bayanin taga sau biyu, don bai ga dalilin da mai hankali zai huda bangonsa ya dawo yana neman abin rufewa ba. Ni ma na ce masa ban gani ba. Amma da ya ji zancen Baba sai ya ajiye wasa. Ya zaɓo fata guda, ya ƙara kankare ta a gabana yana ɗagawa sama yana dubawa, har sai da na ga inuwar yatsunsa ta bayanta. Ya ce in jiƙa ta kafin in ɗaura, in ta bushe za ta ɗame da kanta. Ya ce kada in yi mata baki da kara, za ta lanƙwasa shi, in nemi reshen dabino busasshe. Kada kuma in shafa mata mai ko kaɗan, in kuma sa ƙaya ta waje saboda karnuka.

Dabino dai ba ya wuyar samu a Dutse. Na fere rassa huɗu, na auna su da igiya a jikin tagar, na ɗaure kusurwoyin da rama. Na huda bakin fatar, na ɗinke ta a jiki tana jiƙe, na jingina a inuwa. Kwana biyu ta bushe ta ɗame, in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa. Na tura ta cikin ramin tagar daga ciki har ta jingina da sandunan, na bi gefunan da auduga da tsumma ina turawa da bayan wuƙa, a hankali don kada in kankare wa mutumin farar ƙasarsa. Ba ƙusa, ba laka. Ta waje na ɗaura reshen magarya.

Iska ta tsaya cak. Na sa bayan hannuna na zagaye tagar, ban ji komai ba. Hasken da ya shigo ruwan zuma ne, mai laushi, ya isa in ga baƙi da wasali ba tare da na matse ido ba. Na kama hannun Baba na zaunar da shi a buzunsa, na juya kafaɗunsa wajen tagar.

"Baba, ya ka gani?"

"Allah ya yi maka albarka," ya ce.

Ban taɓa jin daɗin wani aiki nawa kamar wannan ba, har rubutu. Ɗaki ya yi ɗumi, in na hura 'yar wuta da safe a bakin ƙofa sai ɗumin ya zauna har azahar. Yatsuna suka fara warkewa, alƙalami ya saki, ina cin shafi bayan shafi. Tarin Baba ya ragu ƙwarai, har ya koma cin tuwonsa duka. Kullum in mun dawo masallaci ni nake zaunar da shi in juya shi wajen tagar, ya zauna yadda na ajiye shi. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe ya fara jiran in juya shi ba. Ina cikin alfahari, ina kuma sauri in gama littafin mutane.

An fi mako a haka. Ran nan da hantsi na yi shara, na kakkaɓe buzun na mayar a gurguje, na zaunar da Baba ban duba ba, na koma kan rubutu. Sai ga sallamar maigidan. Labari ya kai masa cewa an sa wa tagarsa fata, ya zo ya ga ko an yi masa ɓarna. Ya shafa gefunan da yatsa, ya ƙwanƙwasa fatar, ya ga ba abin da ya taɓa bangonsa. Har ya washe baki ya ce ko a Kano bai ga wannan dabara ba. Sai ya durƙusa gaban Baba.

"Malam, ya ka ga aikin ɗanka?"

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji Baba. "Ga ta can, haske mai sanyin ido, ba ya damun mutum."

Ya ɗaga hannu ya nuna. Bangon kudu ya nuna, inda ba komai sai gafakata da ke jingine. Tagar na gefen hagunsa, cike da rana.

Maigidan ya bi hannun da kallo, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce bari ya je, ana jiransa a kasuwa, ya fita bai ƙara kallon tagarsa ba. Na ajiye alƙalami, na zare tsumman gefe ɗaya, na jawo fatar waje. Rana ta faɗo cikin ɗakin tare da iska. Nan take fuskar Baba ta juya hagu, ta tsaya daidai kan tagar, idanunsa a buɗe, ruwa na taruwa a cikinsu.

"Mayar," ya ce. "Kada ka lalata aikinka."

"Baba, tun yaushe?"

"Tun ran da ka sa ta."

"Ba ka ganin komai ta cikinta?"

"Idon ya yi rauni, kai. Ba laifin fatar ba ne."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da na sa kara ai ka faɗa."

"Da ka sa kara kana bakin ƙofa kana tsaki. Wannan karon na ji alƙalaminka yana tafiya. Rabon da in ji shi yana tafiya haka tun muna gida."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina, na kuma ji haushinsa, Allah ya gafarta mini. Kwana da kwanaki mutum na zaune a bayana cikin baƙin duhu, a garin da bai san kowa ba, ni ina gabansa ina yaba wa kaina. Na koma wajen majemin washegari na tambaye shi ko fata na iya fin haka siriri. Ya ce in ya ƙara wuƙa ɗaya za ta huje. Na yi tunanin in riƙa buɗewa in iska ta lafa, na gwada kuwa, amma a lokacin rana ta bar tagar, abin da ke shigowa bai fi na fatar ƙarfi ba a wajen Baba. Hasken da yake iya gani na safe ne kaɗai, mai zuwa da iska.

Na zauna gabansa na gaya masa duk wannan, ban ɓoye komai ba. Na ce in an rufe, tarin zai ci gaba da sauƙi, bazara ba ta da nisa sosai, in ta zo a buɗe masa har ya gaji. In an buɗe yanzu, ni ban san abin da zai faru ba.

"Hasken kullum raguwa yake," ya ce. "Wanda na gani da kaka ya fi na yau. Ban san ko zai kai bazara ba."

"To me kake so, Baba?"

Ya daɗe yana jan carbi. "Kai ke da ɗawainiyata, abin da ka yi daidai ne. Amma in tambayata kake, a buɗe."

Na buɗe. Kowace safiya in mun idar da salla sai in lulluɓe shi da bargonsa da nawa, in naɗa masa rawani har baki, in sa kaskon wuta a bayansa, sannan in zare tsumma in cire fatar. Na daina rubutu a wannan lokacin, ba don sanyi kaɗai ba. Nakan zauna kusa da shi, kafaɗata a jikin tasa ta wajen da iskar ta fi bugowa, mu kalli tagar tare. A safiyoyin nan ne ya ba ni labarin mahaifiyata, da yadda ya yi karatu a gabas, da abubuwan da shekara talatin muna gida ɗaya bai taɓa faɗa mini ba. Wata rana ya ambaci matata, ya ce yarinyar kirki ce, ya san ina kewarta. In rana ta bar tagar sai in mayar da fatar in cusa tsumma, in kama aiki.

Tarin ya dawo a kwana na huɗu. Na nemo masa sassaƙe, na dafa masa citta da kanumfari, na yi masa rubutu ya sha. Sau biyu ina cewa gobe ba zan buɗe ba, sau biyu in gari ya waye in ga ya juya fuska yana neman inda take, sai in tashi in zare tsumman. Da ya kasa zama sai na juya shimfiɗarsa, na tada kansa da gafaka yadda zai fuskance ta yana kwance.

Bai kai bazara ba. Ya cika da hantsi, ranar wata Laraba, tagar a buɗe. Maigidan da mutanen masallaci suka taya ni, aka yi masa sutura, muka kai shi, suka yi mini gaisuwa a bakin lungu suka watse kafin azahar. Ba wanda zai zo daga Taura, don ba wanda ya rage da zan aika wa.

Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da haka, don ba ni da ikon ƙin yarda. Amma ni ne na zare tsumman nan da hannuna kowace safiya, ina sane da abin da nake yi, kuma har yau da na fi shi tsufa ban iya cewa na yi daidai ko na yi kuskure ba. Na dawo ɗakin ni kaɗai, iska na kaɗa gefen takardun malamin. Na mayar da fatar, na bi gefunan da auduga, na zauna. Saura babi uku in gama littafin, a nan na gama su. Ɗakin ya yi ɗumi ƙwarai, ba kuma mai tari a bayana.